Motar Iri Ta Tafasa a Falgore

Jiya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata a Tudun Wada, motarsa tana huci kamar tukunyar ɗanwake, ya ce mini, "Baba, ruwa kawai za ka ƙara mata, sauri nake." Na jawo benci na zauna, na ce ya bari ta huce tukuna. Ya ɗauka wulaƙanci ne. To, shi da ire-irensa nake yi wa wannan bayani, da ku da iyayenku suke kawo ku wurina koyon aiki, kuna ganin zafin inji magana ce ta gwangwanin ruwa ɗaya. Zuba ruwa kowa ya iya. Sanin inda ruwan ya tafi, da abin da ya hana shi aikinsa, shi ne sana'ar, kuma a kanta bayana ya ranƙwafa.

A Bebeji na koya, a hannun Malam Ilu Fita, tun Turawa ba su tafi ba. Shi a soja ya koyo. Kayan aikinsa duka a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe suke: 'yan sifanu da bakinsu ya cinye, filaya, guduma, sukudireba da maƙeri ya ƙera masa, sai ƙarfen narka dalma. Ba kantin da za ka je ka ce a ba ka sabon abu. Tiyo ya fashe, mu naɗe shi da robar tsohuwar taya mu ɗaure da waya. Gasket, shimfiɗar da ke tsakanin ƙarafan inji, ya ƙone, mu shimfiɗa kwali mai kauri a kan ƙarfen mu bi gefensa da ƙaramar guduma har ya yanku daidai.

Na daɗe a wurinsa ban taɓa sifana ba. Aikina ɗebo ruwa da tacewa da ƙyalle. In na kawo na kududdufi ya sa ni in zubar. Yakan ce, "Audu, ruwan da ba za ka sha ba, kada ka ba mota." Da ya ga na yi haƙuri sai ya fara nuna mini yadda ake bin zafi. Ka bar inji ya huce, kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa, kada ka kwara masa ruwan sanyi yana da zafi, kan injin zai tsage. In ya huce ka duba ruwa. Ka danna fambel, belin da ke juya fanka, da yatsa ka ji ko ya saki. Ka matsa tiyo. Ka girgiza fanka ka ji ko famfon ruwa ya yi lilo. Ka zaro ma'aunin mai, in ka ga man ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Duk wannan da ido da hannu ne, ba ka kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Masu mota a lokacin ba su da yawa. 'Yan kasuwa ne masu kwasar gyaɗa da auduga, sai motar En'e, sai masu kai kaya wajen haƙar kuza a Riruwai. Amma halinsu ɗaya da na yanzu. Kowa ya zo sai ya ce, "Jiya lafiya ƙalau take." Ban taɓa jin wanda ya ce shi ya ɓata ba.

Akwai wani aiki da na yi a Badafi farkon fara fitata ni kaɗai. Fambel ya tsinke, mota cike da buhuna, ba wani fambel a kusa. Na je wurin baduku ya yanko mini fatar saniya doguwa, muka jiƙa ta, muka murɗa, muka ɗinke bakin. Da ta ɗauki zafi sai ta ɗame, ta kama sosai. Ta kai su Kano ta dawo. Malam Ilu ya duba ɗinkin ya ce, "Badukun ya iya aiki." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai shekarar wahala ta zo. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta bushe da ciki. Ba gyaɗa, ba lodi, ba mota a hanya, mu kuma ba aiki. Muna zaune a rumfa muna korar ƙuda. Kafin bazara ta ƙare, a ƙauyukan kan duwatsu mutane sun cinye har irin da suka ajiye na shuka.

Ruwan farko ya sauka ke nan wani dattijo ya zo, Malam Haruna, daga wani ƙauye gaba da Doguwa. Mutanensa ne suka turo shi neman iri. Ya bi 'yan'uwa da abokan karatunsa na allo a Kiru da kewaye, wannan ya ba da kwano, wancan ya ba da ƙwarya, har ya tara buhunan dawa da gero a Ƙafin Maiyaki. Saura kaiwa. Jakuna an sayar da su, waɗanda suka rage ko kansu ba sa iya ɗauka. Wani Alhaji a garin ya ce ga motarsa saboda Allah.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, ragowar yaƙi, ta bi hannu da yawa kafin ta zo nasa. Raƙuma ake ce mata saboda tsayinta. Direbanta Ɗanlami, mutumin Kiru, mai surutu da dariya, ba ya riƙe mutum a zuci. Malam Ilu a lokacin idonsa ya fara rauni. Ya ce mini, "Na ji an ce tana zafi kwanan nan. Ɗauki akwati ka bi su. In irin nan bai isa ba, wannan shekarar ma ta tafi musu."

Da safe muka tashi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta nuna komai ba. Da muka wuce Tudun Wada aka fara hawa, rana ta ɗaga, sai na ji wari. Agogon zafinta ya mutu tun ban san ta ba, saboda haka hanci da kunne ne agogonmu. Can inji ya soma ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Na ce, "Ɗanlami, tsaya."

Ya ce, "Haba Likitan mota, gaisuwa ce take yi maka. Haka take kullum."

"Tsaya na ce."

Ya tsaya, tururi ya turnuƙe gabanta. Muka jira ta huce, na duba, ruwa bai ragu da yawa ba sai wanda ta amayar. Fambel lafiya. Man inji baƙi ne wuluk, ba ruwa a ciki, na gode Allah. Muka cika ta muka ci gaba. Tafiya kaɗan ta sake. Haka muka yi ta yi, a tsaya, a huce, a tafi, har muka lallaɓa Falgore bayan azahar, ta tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa a bakin gari tana ƙugi.

A nan na yi abin da ya kamata a yi wa motar da ke da ruwa amma take tafasa. Na tayar da ita ta ɗan yi ɗumi, na kashe, na bi jikin lagireto da tafin hannu. Sama kamar wuta. Gefe ɗaya da ɗumi. Tsakiya kuwa sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ruwa ba ya bi ta nan ke nan. Na sa kwano a ƙasa na kwance tiyo. Abin da ya fito ba ruwa ba ne. Wani kore-kore ne mai yauƙi, yana saukowa a hankali yana jan zare. Na shinshina.

Na ce, "Ɗanlami, me kake ba motar nan?"

Ya sosa ƙeya. "Ruwa mana."

"Ruwa da me?"

"To, da ɗan garin kuka. Kaɗan fa."

Ashe tun da kaka lagireton ya fara yoyo. Wani direba a tasha ya ce masa ya barbaɗa kukar miya a ciki, yauƙinta zai toshe ramin. Ya gwada, yoyo ya tsaya. Da ya ga magani ya ci, sai ya mayar da shi sadaka, duk ranar kasuwa sai ya ƙara mata hannu guda don kada ciwon ya dawo.

Ya ce, "Amma ka faɗi gaskiya, Likita, ta daina yoyo ko ba ta daina ba?"

Na ce, "Ta daina. Mutum ma in ka toshe masa hanci majina za ta daina zuba."

Wata tsohuwa na zaune a ƙofar gidanta kusa da mu tana kaɗi, Goggo Tabawa, wadda direbobi suka sani da sayar da kunu a shekarun da akwai hatsi. Ta leƙo kwanon ta ce, "Ɗan nan, ai ba ka gama ba. Saura daddawa da gishiri, sai mu tuƙa tuwo." Mutanen da suka taru suka fashe da dariya, har shi Ɗanlamin.

Malam Haruna bai yi dariya ba. Gabas yake kallo, inda hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam Audu, kafin garinmu akwai rafi, ba gada. Yanzu ruwansa iya idon sawu. In aka yi babban ruwa a kan dutse, mota ba ta ƙara ƙetarewa sai ya janye, kuma kafin nan lemar ƙasa ta wuce. Gaya mini gaskiya, za ta je?"

Na ce, "A haka ba za ta je ba. In muka matsa mata, inji zai kama a tsakiyar daji, mu rasa mota mu rasa iri. Sai na buɗe lagireton."

Ya ce, "Buɗe."

Muka sauke shi muka kai rumfar maƙerin garin. Ya hura mini wuta, na gasa ƙarfen dalma, na bi ɗinkin tankin sama ina narkarwa har ya ɗago. Ku da ba ku taɓa ganin cikinsa ba, 'yan bututu ne sirara a jere kamar karan tsintsiya, ruwa na bi ta ciki, iska na bi ta waje. Fiye da rabinsu sun toshe. Maƙerin ya ciro wayar ƙafar wani mataccen keke, ya buge ta ta yi faɗi, na fara zurawa ɗaya bayan ɗaya. Kukar tana fita, amma a ƙarƙashinta akwai abin da ya fi ta: tsatsa da laka da farin dutsen ruwan rijiya, sun dafu tare sun zama kamar daɓe. Waya ta tsaya cik. In na sa ƙarfi zan huda bututun, kuma dalmar da ke hannuna ba ta isa liƙe ramuka da yawa ba.

Na san maganinsa, don na ga Malam Ilu yana yi. Tsamiya ce. A jiƙa ta da kauri a ruwan zafi, a tsoma lagireton ya kwana, tsaminta ya ci dutsen. Amma ba ɗan kaɗan ake bukata ba, kuma a wannan shekarar tsamiya abinci ce. Da ita ake dama ɗan dusar da aka samu a ba yara su sha su yi barci. Na faɗi abin da nake nema a gaban mutane, ban ɗaga murya ba. Kowa ya kau da kai. Ban ga laifinsu ba.

Goggo Tabawa ta ajiye mazarinta ta ce, "Kamar yaya kake so?"

Na nuna mata kwamin da maƙeri ke shayar da awakinsa, na ce wanda zai tsuma ruwa cikin wannan.

Wani mutum ya ce, "Goggo, irin nan fa ba na garinmu ba ne."

Ta ce, "Na tambaye ka na wane gari ne?"

Ta shiga gida ta fito da curi biyu a ƙwarya, ta wuce maƙwabta. Muna jin muryarta daga gida zuwa gida, wani wuri da lallashi, wani wuri da faɗa. Kafin la'asar sakaliya ta dawo da ƙwarya cike, wasu mata na biye da ita da tukwanen ruwan zafi. Malam Haruna ya hau mota ya kwance bakin buhu ɗaya, ya cika kwano da dawa ya miƙa mata.

Ta kau da kai ta ce, "Malam, mayar ka ɗaure bakin buhun nan kafin jikokina su gani."

Ya mayar ya ɗaure.

Lagireton ya kwana a kwami. Da gari ya waye ruwan ya zama ja kamar na rini. Na zura waya, ta wuce har ƙasa. Na bi su duka, waɗansu sai da na yi ta lallaɓawa, biyu ko uku suka ƙi, na bar su. Sannan wanki. Ku riƙe wannan: tsamiyar da ta ci dutse za ta ci ƙarfe in ka bar ta a ciki. Ɗanlami ne ya yi ta jigilar ruwa daga rijiya, ba wanda ya sa shi, muna ɗauraya har abin da ke fita ya zama fari tas. Na mayar da tanki na liƙe. Na toshe bakunan da totuwar masara, muka tsoma shi a ruwa, na hura da famfon keke. Kumfa ta taso daga kusurwa ɗaya ta ƙasa. Ramin da aka yi ta ba kuka saboda shi ke nan, bai kai ƙwayar gero ba. Ɗigon dalma ɗaya ya rufe shi.

Ɗanlami ya duba ya ce, "Yanzu saboda wannan ɗan abin na ƙarar da kukar matata?"

Maƙerin ya ce, "Ka koma ka ba ta haƙuri."

Da hantsi muka ɗaura, muka tace ruwa da rawanin Malam Haruna muka cika ta. Na je yi wa Goggo sallama, ta ce in bar surutu in tafi, ba na ganin sama? Muka shiga daji. Hawa na farko na kasa kunne, ba ƙara. Na biyu ma haka. Ɗanlami ya fara waƙa, na ce ya rufe baki ina sauraron inji. Muna wuce Doguwa iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, muna hango ruwa yana zuba a kan duwatsu.

Da muka iso rafin ya riga ya fara canja launi, yana ɗauke da ganye da kara. Malam Haruna ya naɗe wando ya shiga da sanda, ruwa ya kai masa gwiwa. Ɗanlami ya sa giya zai afka, na riƙe hannunsa. In ka shiga ruwa fanka na juyawa, za ta watsa shi a kan fulogi inji ya mutu, ko kuma ruwan ya lanƙwasa ta ta yanki lagireton da muka sha wuya a kansa. Na sauka na sassauta fambel na cire, na shafe wayoyin wuta da giris, na rufe su da rigata. Ba fambel, famfon ruwa ma ba ya aiki, saboda haka ba tsayawa, ba wasa.

Na ce, "Giya ta ɗaya. Kada ka ɗaga ƙafa ko me ka ji. Bi bayan Malam."

Ya ce, "Bismillahi." Raƙuma ta shiga, ruwa ya bugi gefenta, bayanta ya ɗan goce, taya ta yi ta haƙa yashi, sannan ta kama dutse ta haura. A can gaɓar na mayar da fambel. Kafin in gama ɗaurewa, inda Malam Haruna ya tsaya ɗazu ruwa ya isa ya shanye mutum har ƙirji.

Na yi aiki da yawa bayan wannan, na taɓa motocin da suka fi Raƙuma komai, amma in ana maganar abin da sana'ar nan ta yi mini, wannan tafiyar nake tunawa. Allah ya jiƙan Malam Ilu da ya hana ni gaggawa. Allah ya saka wa Goggo Tabawa da matan Falgore, waɗanda yaransu suka kwana ba kunu saboda gonar da ba za su taɓa gani ba. Ɗanlami ma na gode masa, don wani direban da musu zai tsaya yi, shi kuwa guga ya ɗauka.

Ba mu kai cikin ƙauyen ba. Mutanen sun ji ƙarar mota sun fito bakin gonaki, maza riƙe da sungumi, mata da ƙore, ana yayyafi a kansu. A nan gefen hanya aka sauke buhuna aka fara rabo. Ba wanda ya tsaya doguwar gaisuwa. Mai sara ya shiga gaba, mai zuba iri na biye yana rufewa da diddige. Ina tsaye jikin mota ba riga, wani tsoho ya miƙo mini ƙoƙo cike da dawa ya ce, "Bakanike, ka iya shuka ko sai ƙarfe?" Na cire takalmi na bi layi.

Rafin bai bar mu mun koma ba sai da ya ga dama. Muka zauna a garin muna cin ganyen tafasa da rama, abin da suke ci, ba su taɓa bari mun ci mu kaɗai ba ko mun ci a ƙarshe. Ranar da ruwa ya janye, muna shirin tashi da sassafe, Malam Haruna ya zo ya ce in biyo shi. Ya kai ni gonar da na yi shuka, ya tsuguna ya nuna mini. Dawa ta huda ƙasa, kore shar, layi bayan layi har gindin dutse. Ɗaya daga ciki ya karkace kamar tafiyar maciji.

Ya ce, "Wannan naka ne. Bai miƙe ba, amma ya fito."